Daga Bakin Gulbin Maraɗi, Labarin Madatsun Darna

Ranar Asabar, 7 ga Satumba 2024, na hau kar daga Yamai tun ba a kira assalatu ba. Jaje zan je. Kwana takwas kafin nan, ranar Juma'a 30 ga Agusta, an yi wani ruwa a Maraɗi wanda har gobe in mutanen garin za su ba da labarinsa sai sun fara da salati: milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, rayuka aƙalla 15. Ɗakuna biyu na gidan Gwaggo suna cikin waɗanda suka kwanta. Ta yi mini waya ta ce kowa lafiya lau, kada in wahalar da kaina. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, don haka washegari na nemi izini a wurin aiki.

Tafiyar ta fi kilomita 600. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, Madawa, ko'ina kore shar, gero ya fi mutum tsayi. Amma in ka dubi gindinsa ruwa ne kwance a cikin kunya. Daga Madawa zuwa Gidan Rumji na daina ƙirga gidajen laka da suka zube. A wani ƙauye da muka tsaya sallar la'asar, makarantar gari ce ta zama masauki, an jera tukwane a bakin aji, zannuwa na shanye a kan tagogi. Mun wuce Tibiri ana kiran magariba, muka shiga Maraɗi duhu ya rufa.

Gidan Gwaggo yana Bagalam, cikin tsofaffin unguwannin da ke gangaren fadama. Na tarar an riga an kwashe ɓaraguzan, an tara azara da kwano a gefe, autanta kuma ya buga tubali ya jera a tsakar gida ya rufe da leda. Shekara biyar rabona da shi. Na bar shi saurayi mai yawan dariya, na tarar da mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya gaishe ka sai ya koma ga aikinsa.

Daren Lahadi hadari ya haɗo daga gabas. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, yayyafi ne da iska. Wajen ƙarfe biyu na fito kama ruwa, sai na hangi mutum zaune a zaure cikin duhu. Auta ne, da takalmi a ƙafarsa, da ƙullin leda a cinya. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Yaya, je ka kwanta." Da safe Gwaggo ta ja ni gefe ta ce tun da ya dawo daga Libiya haka yake. Da hadari ya taso sai ya sa takalmi, ya ɗaure takardunsa da wayarsa, ya zauna a bakin ƙofa har gari ya waye. An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi likita. Na san ya yi aiki a Libiya, kamar dubban samarin jiharmu. Ban taɓa tambayar wane gari ba.

Ranar Talata da yamma muna fada a ƙofar gida, ana zagaye na biyu na shayi, sai wani yaro ya miƙo waya ya ce mu ga Maiduguri. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, wadda mu nan muke ce wa baraj, 'yan Najeriya kuma dam. Muka taru a kan wayar. Ruwa iya ƙirji a tsakiyar birni, mata da kaya a ka, tsoho a cikin baro ana tura shi. Daga baya ne alƙaluma suka fito: mutane fiye da 400,000 sun bar gidajensu, fursunoni 281 sun fice da ruwa ya rusa katangar gidan yari, dabbobin gidan zu mafi yawa sun mutu, wasu ruwa ya tafi da su cikin unguwanni. A ranar dai hotuna kawai muke gani. Auta ya leƙa sau ɗaya, ya tambayi yau nawa ga wata. Aka ce 10. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki ya shige gida.

Bayan isha'i na same shi a bayan tubalinsa. Ban tambaye shi komai ba, na dai zauna. Can ya ce, "Yaya, shekara guda ke nan cif. Daren 10 ga watan tara. A Darna nike."

Darna birni ne a gabashin Libiya, a bakin Bahar Rum, mai mutane kusan 100,000. Bayansa duwatsun Jabal Akhdar, gabansa teku, ta tsakiyarsa kuma wani kwari ya ratsa wanda mafi yawan shekara a bushe yake. Da Auta ya siffanta mini shi sai na ce ai kamar Gulbinmu. Ya ce a'a, Gulbi yana da fili, in ya cika sai ya bazu cikin fadama. Wancan tsakanin duwatsu yake kamar zirin lungu, ƙofarsa ɗaya, kuma garin a bakin ƙofar yake zaune.

Su huɗu ne a ɗaki ɗaya a ƙasan wani bene kusa da kwarin, duka leburorin gini: shi, da amininsa ɗan wani ƙauye na ƙasar Madarunfa wanda suka keta Agadas da Sabha tare, da 'yan Sudan biyu. A makon ne mai aikinsu ya ce Auta ya riƙa kwana a wani ginin da ba a gama ba a unguwar tudu, don ana ɗauke musu siminti. Ya ce har ya yi ƙorafi, saboda wurin ba ƙofa ba taga. Ranar Lahadi aka sa dokar hana fita, aka ce guguwa na tahowa. Abin da kowa ke tsoro teku ne, shi ya sa aka fi matsa wa na bakin gaɓa su tashi. Shi dai ba wanda ya taɓa ce masa akwai ruwa tare a bayan gari. Wata goma sha huɗu ya yi a Darna, bai san akwai madatsun ruwa biyu a kan kwarin ba sai daren da suka fashe.

"Ban gani ba, Yaya, ji na yi. Wuta ta ɗauke, waya ta ɗauke. Wajen ƙarfe uku sai wata ƙara kamar an tada bam, ƙasa tana rawa. Bayan nan sai kuwwa, kabbara da kukan mata, daga ƙasa can. Ba ta daɗe ba. Shirun da ya biyo baya shi ne har yau bai bar kunnena ba."

Da gari ya waye ya gangara neman ɗakinsu. Ya ce ba ɗakin kaɗai ba, layin ma babu. Inda benaye suke sai jar laka shimfiɗe har teku, tekun ma ya yi ja. Gadojin da suka haɗa gabas da yammacin garin duk sun tafi. Motoci a kan rufin gidaje. Kwana tara ya yi yana ɗaukar gawa tare da 'yan agaji, a bargo, a labule, a duk abin da aka samu, yana buɗe fuska ɗaya bayan ɗaya. Tun kwana na huɗu fuskokin suka daina ganuwa. Ya sami ɗaya daga 'yan Sudan ɗin. Amininsa da ɗayan, har ya baro garin ba labari.

A lokacin da abin ya faru na bi labarin a rediyo kamar kowa, na yi innalillahi, na ci gaba da harkokina. Bayan wannan hira ne na koma na bi diddiginsa, kuma abin da na tarar ya fi hana ni barci a kan abin da Auta ya gani da idonsa.

Madatsun biyu ne, wani kamfanin Yugoslabiya ya gina su a shekarun 1970, da yumɓu a tsakiya da duwatsu a gefe. Babbar, Abu Mansur, tana kimanin kilomita 14 daga gari, tsayinta ya haura mita 70, an yi ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 22.5. Ƙaramar, Al-Bilad, a bakin gari take, miliyan 1.5 kawai take ɗauka. Don kare Darna aka yi su, domin kwarin ya sha cin garin, a 1941 da 1959 da 1968. Da aka gina su sai hankali ya kwanta, aka yi ta dasa benaye a bakin kwarin, daidai hanyar da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni.

A 1986 wani babban ruwa ya ji wa madatsun rauni. A 1998 aka gano tsagewa a jikinsu, aka rubuta, kuma babban mai gabatar da ƙara na Libiya da bakinsa ya faɗi haka bayan masifar. A 2007 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar gyara. A 2011 aka kifar da Gaddafi, ƙasa ta dare, ma'aikatan waje suka tattara suka tafi. Darna kanta ta faɗa hannun 'yan IS a 2014, daga baya dakarun Khalifa Haftar, jagoran sojojin gabashin Libiya, suka yi mata ƙawanya har suka karɓe ta. Gwamnati biyu, ɗaya a Turabulus ɗaya a gabas, kowace tana cewa ita ce mai ƙasa, ba wadda ta hau dutse ta duba ganuwa. Mataimakin magajin garin ya ce rabon da a yi wa madatsun gyara tun 2002. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya rubuta a 2021 cewa an ware fiye da dala miliyan 2 a 2012 da 2013 don wannan aiki, ba a yi ba. A 2022, shekara guda kafin daren da Auta ke ba ni labari, wani malamin jami'ar Umar Mukhtar mai suna Abdulwanis Ashur ya wallafa bincike ya ce in babban ruwa ya zo ba a gyara madatsun ba, mutanen kwarin da na birnin za su ga bala'i. Ba a ɓoye ya faɗa ba, a mujallar jami'a ya buga.

Sai guguwar da aka laƙaba wa Daniyel ta tsallako daga Girka. A garin Al-Baida da ke kusa an auna milimita 414 cikin kwana guda, wato kusan abin da Maraɗi ke samu a damina sukutum in ta yi ƙaranci. Madatsar da aka gina da ƙasa, komai girmanta, abin da ba ta jurewa shi ne ruwa ya haura kanta, don da ya haura zai fara cin bayanta kamar yadda yake cin katangar laka, kafin ka ankara ya buɗe ƙofa. A daren madatsun biyu duk suka tafi. Ruwa kimanin kubik mita miliyan 30 ya gangaro a lokaci ɗaya, tsayinsa a wasu wurare ya kai mita 7, ya sami mutane a kan gadajensu. Kusan rubu'in birnin ya shafe. Gawawwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, waɗanda aka nema aka rasa kusan 8,000, waɗanda suka rasa matsuguni a yankin fiye da 40,000. Baƙi 'yan ci-rani da suka mutu ɗaruruwa ne. Ƙauye ɗaya tak a lardin Bani Suwaif na Masar ya rasa maza fiye da 70.

Washegari da na maimaita wasu daga cikin waɗannan a fada, wani dattijo maƙwabcin Gwaggo, mutumin kirki wanda ya yi mana karatun allo muna yara, ya ce, "Ɗana, wanda kwanansa ya ƙare ko ba baraj sai ya tahi. Ruwan wanga da ya kashe mutane nan garin, wa ya tsare shi balle ya sake?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ban ja da shi ba, kuma har zuciyata na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma shi ɗin nan, da idona na gan shi da safe yana yaɓe gindin katangarsa inda ruwa ya ci, bai zauna jiran ƙaddara ba. Tsaga ta shekara 25 a rubuce cikin takarda, da kuɗin da aka fitar aka rasa inda suka shiga, da gargaɗin masani da aka yi wa kunnen uwar shegu, waɗannan aikin mutane ne masu suna da ofis da albashi. Shugaban hukumar yanayi ta duniya ya ce da an yi gargaɗi yadda ya kamata aka kwashe jama'a, da mafi yawan rayukan sun tsira. Mutanen Darna ma ba su tsaya ga haƙuri kaɗai ba. Mako guda bayan ruwan suka taru a masallacin Sahaba suna neman a hukunta masu laifi, a daren aka cinna wa gidan magajin gari wuta. A watan Yuli 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12, daga shekara 9 zuwa 27. Ina jin zafin yadda muke saurin lulluɓe sakacin shugabanni da kalmar da ya kamata ta zama ta sanyaya zuciyar mai makoki.

Ranar Alhamis Auta ya ce in raka shi ƙauye. Duk wata yakan je gidan amininsa da ɗan abin da ya samu. Muka ɗaure tiya biyar ta shinkafa da sabulu a bayan babur muka nufi kudu.

Kafin mu bar gari na ce ya tsaya a bakin fadama. Nan asalin Maraɗi take, a ƙasa, tun lokacin da sarakunan Katsina suka zo suka zauna bayan jihadi. A 1945 Gulbi ya cika ya ci garin, shi ne Faransawa suka maida mutane kan tudu, aka yanka layuka miƙaƙƙu da muke gani yau. Kakarmu tana budurwa aka yi, kuma har ta rasu in za ta ƙirga shekarun wani sai ta ce an haife shi kafin ruwa ko bayan ruwa. Ranar da muka tsaya Gulbi ya kawo sosai, ja wur, yana tafe da kara da rassan itace. Yara na ta tsalle a gefe. Auta bai sauka daga kan babur ba.

Muka bi ta Jiratawa, inda zogale ya yi duhu a gonakin noman rani, muka gangara wajen tafkin Madarunfa, mai kaburburan waliyyai 99 da ake ziyara. Ruwa ya haye har gindin itatuwa. Wani mai gona da muka tsaya gaisawa da shi, yana tsaye cikin masararsa ruwa iya gwiwa, ya ce shi abin da ya sani tun da aka yi baraj na Jibiya a Najeriya Gulbi ya canza hali. Da can yakan yi watanni yana gudu, ya bar musu danshi da taɓo mai taki. Yanzu bai daɗewa, amma ranar da ya ga dama sai a wayi gari ya cika ba tare da an ga hadari a nan ba. Ya tuna mana da daren 15 ga Yuli 2018, da ruwan sama ya ci Jibiya ya kashe fiye da mutum 40, har aka tsinci wasu gawawwakin a wannan gefen iyaka.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, can ana ce masa Gada. Ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Madatsar Jibiya da ke kansa da ƙasa aka gina ta, an gama ta a ƙarshen shekarun 1980, tsawonta ya fi kilomita uku da rabi, kuma an yi ta don ta riƙe kubik mita miliyan 142. Wato fiye da ninki huɗu na abin da ya sauko wa Darna. Ba ina cewa tana da wani aibu ba ne, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba zirin dutse ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na tambayi mutum shida a hanyar nan ko sun taɓa ganinta, ba ko ɗaya, kuma dukansu a ƙarƙashinta suke kwana da 'ya'yansu. A cikin garin Maraɗi ne, ranar 18 ga Yuli 1990, Nijar da Najeriya suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gada da Gulbi suna ciki da suna. Manomin da ke tsaye cikin masararsa yana da haƙƙin a gaya masa da Hausa, a rediyo, yaushe aka duba ganuwar nan, wa zai kira wa in ruwa ya yi yawa cikin dare, kuma ta wace hanya zai bi da iyalinsa zuwa tudu.

Mun isa ƙauyen ana azahar. Gida ne na dangan kara da ɗakuna biyu na laka, ɗaya an tokare bangonsa da itace. Tsohuwar amininsa ta fito ta riƙe hannun Auta da hannu biyu, tana ce masa ɗana, ɗana. Matar aminin nasa ta gaishe mu daga bakin ɗaki, ta aiko da fura. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da biyu ba, da ɗa namiji wanda aka haifa bayan tafiyar uban, bai taɓa ganinsa ba sai ta waya. Shekara guda ke nan ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji. Iyayenta sun ce a je wurin alƙali a san matsayinta. Tsohuwar ta ce ba wanda zai yi wa ɗanta sadakar uku alhali ba a ga gawarsa ba, wai an ce akwai waɗanda ruwa ya kai wata ƙasa suka rasa hankalinsu. Auta ya sunkuyar da kai. Ya gaya mini a hanya cewa sau biyu yana faɗa mata abin da ya gani, daga nan bai sake ba.

A Libiya hukumar neman ɓatattu tana tono waɗanda aka binne a kaburburan bai-ɗaya, tana ɗaukar samfurin jikinsu don a gwada da na danginsu. Dangin da za a gwada da su ga su nan zaune a kan tabarma, hamada sukutum tsakaninsu da wurin, ko takardar haihuwa ba su da ita.

Da muka tashi tafiya tsohuwar ta ce in dakata. An gaya mata ni ma'aikaci ne a Yamai. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ƙullin tsumma, ta kwance, cikinsa leda, cikin ledar ƙaramin hoto irin na katin ɗan ƙasa, gefensa ya fara cin ruwa. Shi kaɗai gare ta. Ta sa aka kira wani ɗan makaranta ya rubuta sunan ɗan nata da na ubansa da na ƙauyen a bayan hoton. Ta ce, "Kai da ka san manya, ka kai musu su duba mini." Na ce zan ɗauka da waya in bar mata nata. Ta ce a'a, in tafi da shi, in sun ga na ainihi sun fi ba shi muhimmanci.

Na sa shi a aljihun gaban rigata. Muna fitowa daga ƙauyen gabas ta fara haɗa baƙi, Auta ya waiga ya duba sau ɗaya, ya ce in riƙe shi da kyau, ya ƙara wuta.